Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shugabannin Ingila Da Ficewa Daga Tarayyar Turai

Mu da muka yi karatun boko a hannun malaman da Turawa suka horar, an rene mu da wani zato game da Ingila. An nuna mana cewa can ne mahaifar mulkin majalisa, inda shugaba ba ya ɗaga ƙafa sai ya duba inda zai sauke ta, inda gardama komai zafinta takan ƙare a zauren shawara. Tsarin mulkin da muka karɓi 'yancin kai da shi a 1960 ma a jikin nasu aka auna shi: Firayim Minista, da majalisa, da jagoran 'yan hamayya, har da sandar girma da akan ajiye a gaban shugaban majalisa. Saboda haka da rigimar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta taso a 2016, na bi labarinta ta rediyo da jaridu kamar yadda ɗalibi kan kasa kunne in ya ji an ce malaminsa zai zauna jarrabawa.

Ba ni da ta cewa a kan ko fita ce ta fi musu alheri ko zama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mutanen ƙasar kuwa sun jefa ƙuri'a sun zaɓi abin da suka zaɓa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne halin da shugabanninsu suka nuna. Tsakanin Yuni 2016 da Oktoba 2022 mutum biyar suka zauna a kujerar Firayim Minista. A cikin waɗanda ragama ke hannunsu lokacin da rigimar ke ci, ban ga wanda ya haɗa abu biyun da ake nema wurin madugu ba: ya shirya kafin a ɗaura kaya, ya kuma gaya wa ayari gaskiyar abin da tafiyar za ta ci. Wannan shi ne zancen da nake so mu duba tare da masu karatu.

Asalin Rigima

Rigimar ba jiya ta fara ba. A 1957 ƙasashe shida, watau Faransa da Jamus ta Yamma da Italiya da Beljiyam da Holan da Lukzambur, suka ƙulla yarjejeniya a birnin Rum suka kafa kasuwar tarayya. Birtaniya ta ja gefe, tana taƙama da ƙasashen renonta da kuma amincinta da Amurka. Da ta ga arzikin maƙwabta yana bunƙasa nata kuwa yana jan ƙafa, sai Mista Harold Macmillan ya nemi shiga a 1961. Janar Digol na Faransa ya rufe ƙofa a 1963, ya sake rufe ta a 1967. Sai bayan da ya bar mulki ne Mista Edward Heath ya shigar da ƙasar, ran 1 ga Janairu 1973.

Shekara biyu da shiga sai ga ƙuri'ar raba gardama ta farko. Jam'iyyar Leba ta Mista Harold Wilson ta dare gida biyu a kan maganar, shi kuwa ya ga ba shi da hanyar riƙe ta sai ya kai ƙara gaban jama'a. Ran 5 ga Yuni 1975 kashi 67 cikin 100 suka ce a zauna. Wilson ya tsira, amma ya bar wa na baya mugun gado, domin ya nuna musu cewa in rigimar jam'iyya ta gagari shugaba, yana iya sauke ta a kan ƙasa baki ɗaya.

Daga baya cutar ta koma jam'iyyar Konzabatib ta masu ra'ayin riƙau. Misis Margaret Thatcher, wadda ta yi yaƙin a zauna a 1975, ita ce ta dawo tana sukar Burusel, hedkwatar tarayyar, kuma saɓanin da ya shiga tsakaninta da manyan ministocinta a kan Turai yana cikin abubuwan da suka kayar da ita a 1990. Magajinta Mista John Major ya sha wuya a hannun 'yan jam'iyyarsa kan yarjejeniyar Maastricht ta 1992, wadda ta mai da kasuwar ta zama Tarayyar Turai.

Kada kuwa a ce masu neman fita ba su da dalili. A 2004 ƙasashe 10 suka shiga tarayyar, akasarinsu daga gabashin Turai, gwamnatin Mista Tony Blair kuma ta buɗe wa ma'aikatansu ƙofa nan take, alhali Jamus da Faransa sun jinkirta. Dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo, musamman daga Folan. A garuruwan arewacin Ingila da Wels, inda ramukan kwal da masana'antu suka daɗe da rufewa, talaka ya ga Landan tana ƙiba shi yana ramewa, tsuke bakin aljihun da gwamnati ta soma a 2010 kuma ya ƙara masa ƙunci. Akwai har wa yau masu cewa bai kamata wata kotu a ƙetaren teku ta fi majalisarsu ƙarfi ba. Waɗannan koke-koke ne na gaskiya, sun kuwa cancanci amsa ta gaskiya.

Tsuntsun Da Ya Ja Ruwa

Mista David Cameron ba ya son fita. Abin da ke hana shi barci shi ne 'yan majalisar jam'iyyarsa masu ƙin Turai, da kuma Mista Nigel Farage da jam'iyyarsa ta UKIP da ke zaizaye masa magoya baya. A Janairu 2013 sai ya bi sawun Wilson, ya yi alkawari cewa in ya ci zaɓe mai zuwa zai bar jama'a su yanke hukunci. Ya ci zaɓen Mayu 2015 da rinjayen da mutane da yawa ba su zata ba, alkawari kuwa kaya ne. Ya yi ta kai da komo a manyan biranen Turai yana neman sassauci, ya dawo a Fabrairu 2016 da abin da bai gamsar da masu sukarsa ba, ya tsai da rana.

Takardar ƙuri'ar da aka miƙa wa mutane zaɓi biyu ne rak a cikinta, a zauna ko a fita. Zama kowa ya san ma'anarsa, tun da a ciki ake. Fita kuwa ƙofofinta da yawa. Norwe ba ta cikin tarayyar amma tana cikin kasuwarta ta bai ɗaya, tana biyan kuɗi, tana bin dokoki, tana barin mutane su shiga su fita. Akwai hanya irin ta Kanada, ta yarjejeniyar ciniki kawai. Akwai kuma fita ba tare da an ƙulla komai ba. Masu son kowace ɗaya daga cikin waɗannan, duk da ba su yarda da juna ba, a akwati guda aka ƙirga su. Sa'an nan gwamnati ba ta sa ma'aikatunta su tanadi abin da za a yi in aka ce a fita ba, ban da ɗan shirin da baitulmali da babban banki suka yi don kasuwar kuɗi. Kwamitin harkokin waje na majalisarsu da kansa ya kira wannan sakaci mai tsanani.

Da tsoratarwa Cameron ya yi yaƙinsa. Baitulmali ya ce kowane gida zai yi hasarar kimanin fam 4,300 a shekara, ya kuma yi hasashen karyewar arziki nan da nan. A kan maganar baƙi kuwa bakinsa ya mutu, domin ya taɓa alkawarin rage rarar masu shigowa a kan masu fita zuwa ƙasa da 100,000 a shekara, sai ga alkaluman da aka fitar wata guda kafin ƙuri'a sun nuna 333,000. Zukata suka yi zafi har wani ya kashe 'yar majalisa Jo Cox a mazaɓarta ana saura mako guda.

Ran 23 ga Yuni 2016 mutum miliyan 17.4, watau kashi 51.9 cikin 100, suka ce a fita, miliyan 16.1 suka ce a zauna. Sikotland ta zaɓi zama da kashi 62, Ailan ta Arewa da kusan kashi 56, birnin Landan ma haka, sauran Ingila da Wels kuwa suka zaɓi fita. Cameron ya sha faɗa cewa ko me ya faru zai tsaya ya aiwatar da hukuncin jama'a. Gari na wayewa ya fito ƙofar gidan gwamnati da ke titin Downing ya ce zai sauka. Mu da muka saba ganin mutum ya sha kaye ya ƙi sakin kujera, dole mu yaba wannan. Amma fa madugun da ya tara ayari bai tanadi guzuri ba, sa'an nan ya juya gida tun a zangon farko, yabonsa ba zai cika ba.

Masu Nasara Sun Watse

Su ma waɗanda suka ci nasara ba su zo da taswira ba. Sun zagaye ƙasar da wata jar mota mai ɗauke da rubutu cewa Birtaniya tana aika wa Turai fam miliyan 350 kowane mako, gara a zuba kuɗin a asibitocin gwamnati. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce lissafin yana ɓad da mutane, domin ba a cire rangwamen da Misis Thatcher ta samo a 1984 ba, ba a kuma cire abin da ke dawowa gida ba. Motar ta ci gaba da yawo. Sun kuma ba mutane tabbacin cewa za a ci gaba da ciniki da Turai kamar da, ba tare da biyan kuɗi ko karɓar baƙi ba.

Babban bakinsu shi ne Mista Boris Johnson, tsohon magajin garin Landan. Daga baya ta fito fili cewa kafin ya bayyana matsayinsa ya rubuta wa jarida sharhin goyon bayan fita, ya kuma rubuta wani na goyon bayan zama wanda bai fitar ba. Mako guda bayan nasara, abokin tafiyarsa Mista Michael Gove ya juya masa baya ya ce bai cancanci shugabanci ba, Johnson ya janye daga takara, Gove ma ya faɗi. Farage ya ajiye shugabancin UKIP ya ce ya gama aikinsa. Cikin mako uku kujera ta faɗa hannun Misis Theresa May, wadda ta yi shekara shida tana Ministar Harkokin Cikin Gida, wadda kuma zama ta goyi baya.

Agogo Ya Fara Gudu

Misis May mace ce mai himma da juriya, ban kuwa ji ko abokan hamayyarta sun musa haka ba. Amma da yake ta fito daga ɓangaren da ya faɗi, sai ta ga dole ta nuna wa masu zafin ra'ayi cewa ta fi su zafi. A Janairu 2017 ta shata iyakoki: za a bar kasuwar bai ɗaya, za a fita daga ƙarƙashin kotun Turai, Birtaniya za ta riƙa ƙulla nata ciniki da kowa. Ba ta nemi bakin 'yan hamayya ba, ba ta kuma jawo gwamnatin Sikotland a jika ba, alhali tazarar ƙuri'a ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba. Ta so ma ta miƙa takardar saki ba tare da majalisa ba, sai da Kotun Ƙoli ta ce ba ta da wannan iko.

Ran 29 ga Maris 2017 ta aika da takardar bisa Sashe na 50 na yarjejeniyar tarayyar. Sashen ya ba da shekara biyu a gama rabuwa, in ba a daidaita ba kuma a fita hannu rabbana, sai fa in duk sauran ƙasashen sun yarda a ƙara lokaci. Watau da hannunta ta kunna agogon da ke yi wa abokan cinikinta aiki. Majalisar ministocinta ba ta tsai da magana guda a kan irin dangantakar da take so ba sai a Yuli 2018, wata 15 bayan aika takarda, a gidan hutun Firayim Minista da ake kira Chequers. Kwana biyu zuwa uku bayan taron, ministan da ke kula da ficewar, Mista David Davis, da Ministan Harkokin Waje, Johnson, suka ajiye aiki. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗaya gefen teburin kuwa ƙasashe 27 sun ba Bafaranshe guda, Michel Barnier, wuƙa da nama, suna magana da baki ɗaya.

A tsakani ta kira zaɓe a Yuni 2017 don ta ƙara ƙarfi, sai reshe ya juye da mujiya. Ta rasa rinjaye, ta tashi da kujeru 317 cikin 650, dole ta jingina da 'yan majalisa 10 na jam'iyyar DUP ta Ailan ta Arewa bayan ta yi wa yankin alkawarin fam biliyan 1. A nan ne ƙashin ya tsaya a maƙogwaro.

Tsibirin Ailan a rabe yake. Kudanci jamhuriya ce mai zaman kanta kuma tana cikin Tarayyar Turai, arewaci kuwa yana cikin Birtaniya. Iyakar da ke tsakaninsu ta kai kimanin kilomita 500, da hanyoyin ƙetarawa fiye da 200. An yi shekara kusan 30 ana zubar da jini a arewacin, tsakanin masu son haɗe tsibirin da masu son zama da Birtaniya da kuma sojojin gwamnati, mutum fiye da 3,500 suka mutu, kafin yarjejeniyar sulhu ta 1998. Buɗaɗɗiyar iyaka tana cikin abubuwan da suka riƙe zaman lafiyar nan. To, gwamnatin May ta yi alkawari uku: za a bar kasuwa da haɗakar kwastan ta Turai, ba za a kafa shinge a tsibirin ba, ba kuma za a kafa shi tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya ba. Duk mai lissafi ya san biyu kaɗai za su yiwu, domin in dokokin kaya suka bambanta, dole a sami inda za a tsai da mota a duba. Wannan ita ce gaskiyar da ya kamata a faɗa wa jama'a tun ranar farko, aka yi ta kewaye-kewaye.

Yarjejeniyar da ta kawo a Nuwamba 2018, mai shafi 585, ta ƙunshi biyan bashin rabuwa na kimanin fam biliyan 39, da wani tanadi na ko-ta-kwana da zai riƙe ƙasar duka cikin tsarin kwastan na Turai har sai an sami mafita ga iyakar. Masu son fita suka ce tarko ne, masu son zama suka ce gara abin da ake da shi. Ran 15 ga Janairu 2019 majalisa ta yi watsi da ita da ƙuri'a 432 a kan 202, kayen da ba a taɓa yi wa wata gwamnati irinsa ba a tarihin majalisar na zamani. Ta sake kawo ta sau biyu a watan Maris, ta faɗi da tazarar 149, sa'an nan 58. Sai a Afrilu ta gayyaci 'yan hamayya shawara, ihu bayan hari. Ran 24 ga Mayu 2019 ta ba da sanarwar saukarta muryarta tana rawa.

Laifin bai tsaya kanta ita kaɗai ba. Jagoran 'yan hamayya Mista Jeremy Corbyn tsohon mai shakkar Turai ne da ya sami kansa yana jan jam'iyyar da akasarin 'ya'yanta ke son zama, alhali mazaɓunta da yawa a arewa sun zaɓi fita. Ya yi shekara uku yana taka igiya biyu, har a ƙarshe ya ce in aka sake ƙuri'a shi ɗan ba-ruwanmu ne. Majalisar kanta, da ta karɓi ragama a Maris 2019 ta gwada hanyoyi 8 a dare guda, ba wadda ta sami rinjaye. Kowa ya san abin da ba ya so.

Mai Sa Hannu Ya Musa

Johnson ya hau a ran 24 ga Yuli 2019 da rantsuwar cewa za a fita ran 31 ga Oktoba ko ana ha-maza-ha-mata. Ya shawarci Sarauniya Elizabet ta rufe majalisa har mako biyar, alƙalai 11 na Kotun Ƙoli kuwa suka haɗu a kan cewa rufewar haramtacciya ce, majalisa ta koma zama washegari. Ya kori 'yan majalisar jam'iyyarsa 21 da suka saɓa masa, cikinsu har da tsofaffin ministocin kuɗi biyu, Kenneth Clarke da Philip Hammond, da Nicholas Soames jikan Churchill. Da doka ta tilasta masa neman ƙarin lokaci, sai ya aika wa Burusel wasiƙar ba tare da ya sa mata hannu ba.

Amma a gaskiya shi ne ya kwance ƙullin, ta hanyar sakin ɗaya daga cikin alkawura ukun nan. Yarjejeniyarsa ta Oktoba 2019 ta bar Ailan ta Arewa tana bin dokokin kayan Turai, ta kai binciken kwastan kan kayan da ke ƙetara teku daga sauran Birtaniya. Shugaba yana da ikon ya zaɓi wannan. Aibin shi ne shekara guda kafin nan ya tsaya gaban taron DUP ya ce babu gwamnatin Konzabatib da za ta yarda da irin wannan, bayan ya ƙulla yarjejeniyar kuma ya gaya wa 'yan kasuwar yankin cewa ba za a yi wani bincike ba, in an ba su takarda su jefa ta kwandon shara. Jama'ar da suka gaji suka ba shi kujeru 365 a zaɓen 12 ga Disamba 2019, Leba ta sha kayen da ba ta ga irinsa ba tun 1935. Birtaniya ta fita ran 31 ga Janairu 2020, ta yi zaman jira mai kama da idda har ƙarshen shekara, aka ƙulla yarjejeniyar ciniki ran 24 ga Disamba. Tun kafin nan, a Satumba 2020, wani ministansa ya amsa a gaban majalisa cewa dokar da gwamnati ta kawo za ta saɓa wa yarjejeniyar da ita kanta ta sa wa hannu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. DUP ta janye daga gwamnatin yankin a Fabrairu 2022, Ailan ta Arewa ta yi shekara biyu ba ta da gwamnatin kanta.

Johnson ya faɗi a 2022 kan wasu abubuwan kunya dabam, cikinsu har da shagulgulan da aka yi a gidan gwamnati lokacin kullen annobar korona. Misis Liz Truss ta yi kwana 49 ta tafi bayan kasafinta ya girgiza kasuwar kuɗi. Mista Rishi Sunak, wanda shi tun asali mai son fita ne, shi ya zauna da Turai cikin natsuwa ya ɗinke ɓarakar Ailan da tsarin Windsor a Fabrairu 2023. A zaɓen Yuli 2024 jam'iyyar da Cameron ya so ya haɗa kanta ta tashi da kujeru 121 kacal. Ga tsuntsun da ya ja ruwa.

Abin Da Aka Girba

Karyewar arziki ta nan take da aka tsorata mutane da ita ba ta zo ba, haka ma wadatar da aka kwaɗaita musu. Ofishin da ke sa ido kan kasafin kuɗin ƙasar ya ƙiyasta cewa a ƙarshe ƙarfin arzikin zai gaza da kimanin kashi 4 cikin 100 bisa ga abin da zai kasance da an zauna. An ce za a maye gurbin Turai da sauran duniya, har Misis May ta zo Abuja da Ikko a Agusta 2018 tana neman ciniki, amma kasuwar da ke ɗaukar fiye da kashi 40 na kayan da ƙasa ke fitarwa ba a musanya ta da ziyarar kwana guda. Maganar baƙi ce ta fi ban mamaki. Turawa sun ragu, amma asibitoci da gidajen kula da tsofaffi da jami'o'i suka koma neman mutane daga Indiya da Nijeriya da sauransu, har rarar masu shiga a kan masu fita ta haura 900,000 a 2023, kafin a tsaurara dokoki ta sauko. Da yawa daga cikinmu mun san wata nas ko wani likita da ya tafi a waɗannan shekarun, ya bar gurbi a asibitinmu.

Duk da haka akwai abin da ban so mu manta ba. A duk tsawon rigimar ba a ji motsin soja ba. Kotu ta taka wa Firayim Minista biyu burki, suka kuwa bi. Waɗanda suka faɗi sun kwashe kayansu sun fita da ƙafarsu. Shugabannin sun gaza, amma ginin da suka gada ya ɗauki nauyin gazawarsu. Ƙasar da ba ta da irin wannan gini, kuskure irin nasu yana iya kai ta ga abin da ba a fata.

Gemun Ɗan'uwa

Maganar ba ta yi mana nisa ba. Mako guda kafin ƙuri'ar Wilson, ran 28 ga Mayu 1975, aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko bisa ƙoƙarin Janar Gowon da Janar Eyadema na Togo. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 shugabannin ƙungiyar suka rufe iyakoki, aka yanke wutar lantarki, aka yi barazanar yaƙi. A Janairu 2024 gwamnatocin soja na Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice, ficewar kuma ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. Ba lamari ɗaya ba ne da na Birtaniya, domin a nan ba a kai maganar akwatin zaɓe ba. Amma iyakar Ailan da ta gagari Firayim Minista biyu kilomita 500 ce, tamu da Nijar kuwa ta ninka ta kimanin sau uku, kuma jini ɗaya ne a kowane gefe. Wanda ya san hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko kasuwar dabbobi ta Maigatari, ya san wanda ya ɗanɗana kuɗarsa a watannin da aka rufe iyaka: mai wake da albasa, da direban babbar mota, da matar da iyayenta ke ƙetare.

Ban ga alamar masu sa takunkumin sun ƙirga wannan kafin su sa ba, ban kuma ji masu ficewar sun zauna da talakawansu sun lissafa musu abin da za a samu da abin da za a rasa ba. Darasin da na ɗauka daga Ingila ke nan, na kuwa ɗauke shi daga malamin da ya faɗi jarrabawa a gaban ɗalibansa. Duk shugaban da ya zo mana da maganar shiga wata tarayya ko fita daga cikinta, ko ta korar wani daga ciki, haƙƙinmu ne mu tambaye shi ƙofar da za a bi, da abin da za a bari a baya, da wanda zai biya, mu kuma tambaye shi ko zai tsaya tare da mu in tafiya ta yi tsanani. In ya ce babu abin da za a rasa, to mu riƙe aljihunmu da kyau. Allah ya ba mu shugabanni masu shiri da faɗin gaskiya, ya ba mu kunnen sauraronta ko da ɗaci, amin.